Yadda Ake Zaɓen Batun Bincike Kan Yara Ba Tare da An Saurari Yaro Ba

Ke ɗalibar tarbiyyar ƙananan yara, kwantar da hankalinki. Ban taɓa shiga jami'a ba, amma shekara tara ina buga wa ɗalibai bincikensu a shagona na kasuwar Rufa'a, nan Sudan. Bi matakan nan, na yi miki alkawarin takardar shaidar digiri har da guɗa.

1. Nemi abin da kowa ya sani.
"Muhimmancin Wasa Ga Yaro." Na buga shi sau goma sha ɗaya. Kullum sai a gano wasa yana da muhimmanci.

2. Ƙara masa sunan ƙauyenku.
Ba sai kin je ba. Ƙauye yana nan inda yake.

3. Kada ki shiga rauda, wato makarantar reno.
Can ƙananan yaran suke, su kuwa ɓata bincike suke yi. Ruqaya, 'yar ƙanwata, ta ƙi ji. Ta yi mako a raudar ƙauyenmu, ta ga Maryamu, 'yar shekara huɗu, kullum da safe tana kuka: "Kaka! Kaka!" Malama Hanaa ta ja ta bayan gida, ta tsugunar da ita, a jira, ba komai. Sau uku kafin hantsi. A Larabcin yara, kaka kashi ne. Yarinyar kuwa tsohuwar da ta raine ta take kira.

Da Ruqaya ta yi mata bayani, Hanaa ta ce, "Ya salam! To ta ce habboba mana, kamar mutane!" Habboba ita ce kaka a Larabcin nan. Kakar Hanaa ɗin nan har ta rasu da Hausa take cinikin gishiri.

4. Shawarci manya.
Ruqaya ta ce za ta yi bincike kan yaran da ke zuwa rauda da Hausa kaɗai. Duktur mai duba aikinta ya ce, "Ba wanda ya taɓa rubutawa? To daga ina za ki kwafo?"

Mahaifinta Abdussalami ya ce, "Tun kakanni muke noma a yankin nan na Jazira. Ke za ki sa a takarda cewa 'ya'yanmu ba sa jin Larabci, ki ba masu ce mana baƙi hujja da hannunki?"

Ta zo shagona. "Kawu, wa ke da gaskiya?"

Na daɗe ina juya abin. Uban bai yi ƙarya ba. Kukan yarinyar ma ba ƙarya ba ne. Na ce, "Ke dai faɗa mini abin da zan buga."

5. Jira matsalar ta gaji.
Ruqaya ta rubuta kan launin bangon aji, ta fito da yabo. Maryamu ta daina kuka. Yanzu habboba take cewa, har a gida.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da alhakin komai. Jiya kakar Maryamu ta tare ni a hanya, ta ce ta san ma'anar kalmar sarai, amma duk sanda jikarta ta faɗa, sai ta waiga ta ga wa ake kira. Ta tambaye ni ko masu karatu sun san maganin wannan. Na ce mata ni bugawa kawai nake yi.