Yadda Ake Zama Gawa a Fim Ɗin Masu Kiɗan Ƙarfe

Ni ne Bushayib. Shekara arba'in da ɗaya ina kamun kifi a Kasablanka. Sau biyu jirgi ya kife da ni, teku ya ɗanɗana ni ya tofar. Ka bi matakan nan, na rantse sai ka yi mutuwar da za a tafa maka.

1. Nemi jika mai ganga

Tawa Gizlan ce. Ita da abokanta masu baƙaƙen kaya suna kiɗan nan mai kama da ana rushe gareji. Shekara biyu suna shirin fim: su yi wasa gaban jama'a, a tsakiyar dandamali ga gawar matuƙin jirgi, ba za ta tashi ba sai a waƙa ta bakwai. Ni ne gawar. Ɗauka ɗaya ce tak, ba a tara mutum dubu sau biyu.

"Kaka, in ka motsa kafin ta bakwai, ka kashe ni."

"Ni? Ni da na yi kwana uku a kan katako tsakiyar ruwa?"

2. Bari a ɓata ka

Fulawa a fuska, raga a wuya, ɗanyen kifi biyu a aljihu. Kifin ba wanda ya sa ni. Gwani ba ya jiran umarni.

3. Kwanta

Jita za ta yi ihu, mawaƙi zai yi gurnani kamar raƙumin da aka taka wa wuya, haƙarƙarinka na rawa. Share su. Injin jirginmu ya fi su murya.

4. Kada ka gayyaci aboki

Nan na yi kuskure, guda ɗaya a duk rayuwata. Na gayyaci Jilali, abokin kamun kifina. Waƙa ta huɗu na ƙarewa, wuri ya yi tsit, sai ga muryarsa daga sahun gaba:

"Salamu alaikum, Bushayib! Ya gida? Ya gwiwa? Ya uwargida Hajiya Rikiya?"

Gawa ba ta amsa sallama, Musulmi kuwa dole ne. Na amsa a zuci, gumi na kwaɓa fulawa.

"Au, an zama ɗan fim, an daina gaisuwa? Jama'a, ku gan shi nan! Wai mutum tara ya ceto a teku. Uku ne, ɗayan ma kare!"

5. In za ka tashi, tashi da gaske

Na miƙe da ragata, na fizge makirufo.

"Wa alaikumus salam, tsohon banza! TARA NE!"

Na waiga. Gizlan ta sandare, sandunan ganga a sama. Mai ɗaukar hoto ya dafe kai. Shekara biyun yarinyar nan na tsaye a kan bakina.

Sai ta cije leɓe, ta zabga wa ganga duka, tara cif. Mutum dubu suka kwasa: "Tara ne! Tara ne!" Kawuna na kaɗawa, gashi na shara, har Jilali ana ta cilla shi sama yana salati.

6. Karɓi sakamako

An sauya labarin fim ɗin: matuƙi ya dawo daga lahira don ya ƙaryata maƙaryaci. Gizlan ta yi mako guda tana fushi da ni. Rana ta takwas ta dire mini shayin na'a-na'a.

"Kaka, a fim na gaba kai ne dutse."

"Mai magana?"

"Dutse, Kaka."

Gargaɗi

In ka kurmance, ko jikarka ba ta kai tawa hannu ba, ko aka binne ka da gaske, kada ka doso ƙofata. Ni faɗa na yi, wani ya rubuta, kuma ban iya karatu ba balle a ce na duba.