Ɗaki Biyu, Injin Ɗaki Bakwai

Jama'a, yau da safe an gan ni a ƙofar gidana daga ni sai singileti da silifas, ƙanƙara har idon sawu. Ba taɓin hankali ba ne, iska na fito sha. Cikin gida ya koma gidan burodi, gumi na bin bayana a tsakiyar watan Yuli, lokacin da hunturu ya fi tsanani a nan ƙasarmu, na ce bari in leƙo in numfasa. Ina fita, iskar garin nan, wadda kun san ba ta da tarbiyya, ta banko ƙofa ta rufe. Matata Nélida tana wanka, rediyo na tashi, baƙinmu biyu da za ku ji labarinsu kuma suna sharar barci. Na yi ta bugu har hannuna ya daina ji. Mai kai madara ya rage gudu ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da sunana, ya ce, "Don Evaristo, Allah ya ƙara lafiya." Har yanzu ban gane ko addu'a ce ko baƙar magana ba.

Duk wannan alherin hukuma ne, kuma ba na so a ce ni butulu ne, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Tsohon injin ɗumama gidanmu ya shekara talatin da ɗaya yana aiki. A watan Afrilu harshen wutarsa ya daina zama shuɗi ya koma rawaya, bangon bayansa ya yi baƙi, Nélida ta riƙa tashi da ciwon kai. Na kira Cárcamo, mai haɗa gas na unguwarmu, mutum mai lasisi da ƙarancin magana. Ya duƙa ya duba, ya shinshina, ya murɗa makunnin gas ya rufe. Ya ce in muna son mu ci gaba da wayar gari da ranmu, kada wanda ya sake kunna shi.

Ana cikin haka sai ga Mai Girma Babban Daraktan Ɗumama Tsofaffi, Garkuwan Masu Rawar Ɗari, a rediyo. Ya rantse bana babu tsohon da zai ji sanyi a lardin nan. Za a auna kowane gida, a ba shi sabon inji daidai da shi, kyauta. Nélida ta ce in je in sa sunanmu. Na sa. Maƙwabciyarmu Doña Herminia Oyarzo ma ta sa.

Na tambayi Cárcamo yadda ake awon nan. Ya ce ana duba tsawon ɗaki da faɗinsa da nisan silin, a ƙirga tagogi, a ga bangon bulo ne ko katako da kwano, a kuma ga wanne ne ke fuskantar iska. Shi kansa yakan ci rabin yini. To, ma'aikacin hukuma ya fi Cárcamo ilimi, domin gida biyu ya auna cikin minti huɗu, kuma bai fito daga mota ba. Ya sauke gilashi kamar faɗin yatsa uku, ya tambaye ni ɗaki nawa, na ce biyu. Ya tambayi Herminia, ta ce bakwai. Ya rubuta a kan gwiwarsa, ya ɗaga gilashi. Ban ga laifinsa ba, ranar akwai sanyi.

Gidan Herminia tsohon masaukin masu askin tumaki ne, katako da kwano, iska na shiga ta nan ta fita ta can ba sallama. Yanzu daga ita sai mijinta Anselmo, wanda ya bar rabin huhunsa a ramin haƙar kwal, ƙirjinsa na busa kamar butar shayi. Namu gidan kuwa, in na yi miƙa a falo hannuna na taɓa kicin.

Ranar da aka kawo kaya, ƙarti huɗu ne suka sauke nawa, sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin ya shiga. Na Herminia mutum ɗaya ya kai shi a hammata. Cárcamo ya zagaya nawa sau biyu, ya cire hula ya sosa kai, ya ce irinsa ne a makarantar firamare. Na ce to ai abin da sauƙi, ga gida ga gida, mu yi musaya. Ya nuna mini lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ya nuna mini ita a takardar gidana. Ya ce ranar da mai duba gas ya ga lamba ta saɓa, zai yanke wa gida biyun gas, shi kuma a karɓe lasisinsa. Don haka ya haɗa kowanne inda takarda ta ce. Ya faɗaɗa bututun hayaƙi, ya huda bango don iska ta shiga, ya gwada mahaɗa da kumfar sabulu, aiki tsaf. Yana tafiya yana girgiza kai.

Tun ranar, injin nan sai ya yi gurnani kamar tirela na minti uku, gida ya ɗau zafi, ya mutu, kafin ka zauna ya sake tashi. Man shanu ya narke a kan tebur. Furannin Nélida sun sunkuyar da kai. Magen gidan, da muka yi shekara tara tare, ta koma gidan wani. Can kuwa gidan Herminia, ɗan injin yana ci ba hutawa, amma ruwan kofi daskarewa yake a ɗakin baya.

Ni da Herminia muka ɗauki takardunmu muka tafi ofis. Allah ya ƙara wa ofishin nan albarka. Duk tagoginsa a buɗe, ma'aikata da riga mai gajeren hannu, har da fanka tana juyawa, saboda ɗumin ya yi musu yawa kuma ba a san wanda ke da ikon rage shi ba. Bayan awa uku a layi muka isa gaban Yallaɓai Sarkin Hatimi. Na yi bayani cikin ladabi. Ya saurara, ya juya takarda, ya gyara tabarau.

"Baba, a nan an rubuta gidanka ɗaki bakwai ne."

"Ranka ya daɗe, biyu ne. Ni nake kwana a ciki."

"To ina sauran biyar ɗin? Wa ya ba ka izinin rushe su?"

Kafin in haɗiye yawu ya juya kan Herminia, ya ce ita kuma takarda ta nuna ɗaki biyu, in bakwai ne to ta gina biyar ba da izini ba, kuma wannan magana ce ta wani ofis a hawa na sama, in muna so ya tura mu. Herminia, wadda ta yi shekaru tana tara kuɗin haya a hannun masu askin tumaki ba ta taɓa jin tsoron kowa ba, ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Muka ce a'a, ba ma so. Ya tausaya mana, ya ba mu fom na neman sake awo, ya ce kwamiti zai zauna a watan Disamba, lokacin da hanya ta yi kyau. Na ce ai lokacin bazara ta shigo. Ya ce shi ya sa, ma'aikata sun fi jin daɗin awo.

Abin ya daina ba ni dariya a makon da ya biyo. Nélida ta kai wa Herminia farfesun rago, ta tarar da Anselmo a kicin cikin bargo uku, leɓensa ya yi shuɗi, tari ya hana shi gama gaisuwa. Ba ta yi shawara da ni ba. Ta dawo ta buɗe ƙofa ta ce, "Maigida, tashi ka kama katifa." Anselmo ya so ya yi gardama, ya ce shi bai taɓa kwana gidan wani ba tun da ya yi aure. Herminia ta ce ai ba gidan wani ba ne, injinsu ne a ciki, binsa za su yi.

Yau kwanansu goma sha tara. Gado ya zama nasu, ni da Nélida muna falo. Anselmo yana shan shayin mate ɗina, yana cinye ni a karta, yana kuma gyara mini rubutun nan da kuke karantawa. Amma tarin ya lafa, jiya har ya rera waƙa, abin da ban roƙa ba.

Shekaranjiya Mai Girma da kansa ya zo unguwa da masu hoto. Da aka nemi gidan da ya fi ɗumi, sai aka nuno nawa. Ya shigo, ya cire kwat, ya cire ɗankwalin wuya, ya ga tsofaffi huɗu a tebur ɗaya, idonsa ya ciko. Ya ce shirin nan ba gidaje kaɗai ya ɗumama ba, har zukata ya haɗa, kuma tun farko abin da suka yi niyya ke nan. Muka tafa. Herminia ta buɗe baki, Nélida ta cusa mata soyayyen fanke.

A bakin ƙofa, yana share gumi, ya yi mana albishir cewa baɗi haƙoran roba za a raba wa tsofaffi, kowa daidai bakinsa. Na dubi bakin Anselmo, ya dubi nawa. Nasa ɗan ƙarami ne kamar na zomo. Ni dai tun yanzu na fara sabawa da romo.