Ranar da Mai Girma Ya Buɗe Mana Murfi

Jama'a, ku yi mini afuwa in na yi tuntuɓe, amma abin da ya faru a gidanmu ranar Talata ya ƙi haɗiyuwa.

Kwanakin baya aka raba wa matan unguwarmu injin ƙyanƙyasar ƙwai, wai tallafi. Ummata ta samu guda. Ta tattara ƙwai arba'in, har da na ƙanwarta ta Adogi, da burin ta kama kiwo ta huta da suyar awara a bakin titi. Ni aka ɗora wa gadi, tunda ni ce mai karance-karance.

Takardar injin ta ce a kwana ukun ƙarshe sai lambar da ke nuna danshin ciki ta kai saba'in, kuma kada a buɗe murfi ko da wasa. In busasshiyar iska ta shiga, tantanin ƙwan ya bushe, ya naɗe ɗan tsako kamar likkafani. A zafin garinmu Lafia kuwa, da ruwan ɗumi a faranti da jiƙaƙƙen soso na lallaɓa lambar har ta hau saba'in. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ko tari aka yi kusa da injin sai na harari mutum.

Kwana na sha tara da saka ƙwan, mun shiga ukun ƙarshen, ƙwai sun fara tsagewa, sai ga jiniya. Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle ya zo ganin nasarar shirin tallafin, da masu kyamara.

"Yarinya, buɗe mana."

"Ranka ya daɗe, takarda ta ce..."

Wani mai riƙe masa jaka ya katse ni. "Mu muka rubuta takardar. Buɗe!"

Na dubi Umma, ta sunkuyar da kai. Na buɗe.

Allah ya ja zamanin Mai Girma! Ya ɗauki ƙwai biyu ya ɗaga sama, ya yi jawabin minti ashirin a kan muhimmancin haƙuri. Wani hadimi na yi masa fifita, iskar na sauka kan ƙwanmu. Kowa na tafi, ni ina kallon lamba: sittin, arba'in, talatin.

'Yan tsaki tara suka fito. Sauran sun huda ɓawo, suka maƙale a ciki. Umma kuwa kaskon awararta kawai ta ɗauko ta wanke.

Maƙwabciyarmu Mama Doose ta leƙo ta katanga, ta kira ni da Hausarta ta koyo. "Mutmainna, sannu fa. Kaza na ya ƙyanƙyashe sha ɗaya cikin sha biyu, kuma bai je bita ba."

"Mama, mene ne sirrinta?"

"Baki ne, yana sara! Wancan oga ya zo ya gwada ɗaga shi, ya gani."

To, ga shawarar ƙaramar yarinya ga manyanmu: in za a sake rabo, a taimaka a kawo injin da ke saran hannu. Hoton dai, na ji an ce, ya yi kyau ƙwarai.