Yaƙin Malam Ilu da Ciyawar Saman Bene

Malam Ilu Barau ya ɓata aikin mutane saboda yana ganin ya fi ƙarfin yin tambaya. Wannan shi ne laifinsa, kuma babu uzurin da zai wanke shi. Amma tunda har gobe yana kiran abin da ya yi yaƙi, to bari a ba da labarinsa yadda ake ba da labarin yaƙi.

Shi ne Ilu ɗan Barau, ɗan Jatau, ɗan Anaruwa, zuriyar da ba ta taɓa barin tsiro ya tsaya a gaban baƙo ba. Kakansa Jatau shi ne ya shafe duwatsun tashar jirgin ƙasa da farar ƙasa ranar da Razdan, babban Baturen lardi, zai wuce, jirgin kuwa ko tsayawa bai yi ba. Ubansa Barau shi ne ya sare ɗorawar bakin tasha don ganyenta na zuba inda manya ke ajiye mota, fasinjoji suka koma jiran jirgi a rana. Daga wannan tsatso mai albarka aka samu Ilu dodon tsiro, angon langa-langa, guguwa mai tafe da tsintsiya, Muƙaddashin Manajan Benen Tasha.

Benen nan an gina shi ne a kan tashar birni. Jirgi na shiga ta ƙarƙashinsa, kantuna na bisa tasha, ofisoshi na bisa kantuna, gidajen haya na bisa ofisoshi. Ba shi da janareta, farantan sola ke ba shi wuta. An bar masa hanyoyin iska tun daga rufi har dandalin jirgi, don ya sha iska ba tare da na'urar sanyi ba. A can ƙololuwa kuma Injiniya Kulu Sabo, wadda ta zana ginin, ta sa aka zuba ƙasa aka shuka gamba da ƙyasuwa da tofa, ciyayin dajinmu masu jure rani, don su tare zafin rana su kuma tace ruwan sama kafin ya gangara tanki. Duk wannan ta bayyana shi ranar da aka miƙa wa Malam Ilu makullai. Yana wurin. Ya ce na'am a duk inda ta numfasa, hankalinsa kuwa na kan kujera mai juyawa da ya hango a ofishinsa.

Kalmar muƙaddashi ita ce ƙayar da ta tsaya masa a wuya. Masu benen sun ce za su cire masa ita idan tawagar masu duba gine-gine ta zo ta ba benen shaidar kare muhalli. Injiniya Kulu ta tafi tarbo tawagar, za su iso tare a jirgi. Sai gwarzon ya yi azamar kewaya daularsa, ya hau har rufi, inda bai taɓa takawa ba, ya tura ƙofa.

Abin da idonsa ya gani ya girgiza jinin Jatau da ke jikinsa. Daji! Daji a saman bene, gamba ta kai ƙirji, ƙyasuwa ta fid da kai tana rausaya ba kunya, tsuntsaye na shiga suna fita kamar gidan ubansu, ga baƙi a hanya. Ya sauko ya tara rundunarsa ta masu shara, ya yi musu huɗuba mai ratsa zuciya a kan mutunci da abin da baƙo zai je ya faɗa. Ya naɗa Tanko mai langa-langa sarkin yaƙi, ya ba Iya Talle tutar tsintsiya.

Iya Talle ce kaɗai ta yi magana. Ta ce ita dai ta ga ana hawa da buhunan ƙasa wurin nan, ko za a kira Injiniya a waya a ji?

"Iya, a gidanku sai an nemi izini ake shara?" in ji shi. "Mace ta yi zane ta tafi, ciyawa ta cinye mata gini, ni zan rufa mata asiri."

Da hantsi aka yi arangama. Runduna ta hau matakala da adduna da lauje da fartanya, jarumin na biye a lif saboda gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗaga addar da aka ara masa, ya yi kururuwar da ta tashi kurciyoyi: "Ku afka musu! Kada ku bar ko jariri!"

Aka afka. Gamba ta yi tsayuwar maza, amma ina, langa-langar Tanko ta shiga cikinta tana sheƙa, sahu na faɗuwa bisa sahu, ƙyasuwa ta watsa ƙaiƙayinta cikin wuyan mujahidai a matsayin makami na ƙarshe, tofa ta riƙe ƙasa da saiwarta har sai da aka kawo ɗauki da fartanya, wani ƙadangare da ya ga babu sarki sai Allah ya yi hijira ta bututun ruwa. Shi kansa sadaukin bai tsira ba, domin zuma ta harbe shi a kunne, raunin da har yau yake nuna wa mutane. Da aka ga wasu siraran bututu kwance cikin ƙasa suna ɗigar da ruwa, sai ya yanke hukunci cewa su ne munafukan da ke ciyar da abokan gaba, aka tumɓuke su.

Saura gawarwaki. Al'adar gidansu ba ta san a kwashe ciyawa ba, ƙonawa ake yi. Aka tara ta tsibi guda dab da bakin hanyar iska, aka ƙyasta ashana. Hayaƙi ya murtuke farantan sola, sauran kuma iska ta tura shi cikin ginin, ya bi ofis-ofis yana gaisuwa, ya leƙa kantuna, ya sauka har dandali, inda fasinjoji suka yi ta tari suna tambayar ko jirgin gawayi aka dawo da shi. Ƙararrawar gobara ta ɗauka. Malam Ilu ya ce tambarin nasara ne.

Aka share toka, aka daddaɓe ƙasa, aka hau da duwatsu aka jera su, aka shafe su da farar ƙasa fes, yadda Jatau zai yi alfahari a kabarinsa. Jarumin ya sauka ya yi wanka, ya sa shadda mai sitaci, ya koma ya tsaya a tsakiyar filin da ya ci da yaƙi.

Jirgi ya iso bayan azahar. Tun daga dandali Injiniya Kulu ta ji ƙauri, amma ta daure, ta shiga lif da baƙinta tana ba su labarin lambun sama: yadda aka ɗebo irin daga daji, yadda aka yi damina biyu ana lallashinsa kafin ya kama, yadda ɗakunan ƙarƙashinsa suka fi ko'ina sanyi. Shugaban tawagar, wani dattijo mai suna Dakta Mati, ya ce shi dama saboda lambun nan ya yarda ya yi tafiyar.

Ƙofa ta buɗe. Fili fetal, rana na dukansa, fararen duwatsu a jere, ga mutum a tsakiya da kumburarren kunne yana murmushi.

Dakta Mati ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Malam, ina lambun?"

"Ranka ya daɗe, ai mun gama da shi," in ji Malam Ilu. "Ko tsinke ba mu bari ba. Da jiya kuka zo, da kun ga abin kunya."

Injiniya Kulu ta durƙusa ta ɗauki guntun bututu ta juya shi a hannunta, ta ajiye. Jarumin ya ɗauka mamaki ne ya hana ta godiya, har ya matso ya ce mata kada ta damu, yi wa kai ne. Dakta Mati ya tambayi lokacin da jirgin komawa ke tashi.

Benen bai sami shaidar ba. Masu benen sun cika alkawari, sun cire wa Malam Ilu kalmar muƙaddashi, suka haɗa da ta manaja. An ba wani kujera mai juyawa. Shi kuma an mayar da shi rufi, aikinsa dashen gamba da ban ruwa da bokiti, ƙarƙashin Iya Talle, har sai ciyawa ta kai ƙirji.