Nomau da Baƙin Jirgin Asabar

A Gangaren Kuka, inda layin dogo ya ratsa tsakanin duwatsu biyu, akwai gidan wani mutum Jatau. Yana zaune da matarsa Kande, da 'ya'yansu, da ƙanensa Nomau. Shi Nomau ya ba arba'in baya, ƙato ne mai ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya je ya aikata. Tun suna yara Jatau yake bin bayansa yana ba mutane haƙuri, har ban haƙurin ya zame masa kamar gaisuwa.

Abincin gidan kuwa a jikin jirgin ƙasa yake. Duk Asabar jirgi kan kawo baƙi daga birni, masu son kallon duwatsu da koren damina ta taga. Su sauka da hantsi, Jatau ya shige gaba ya zaga da su a ƙafa, daga kan dutse zuwa fadama, daga fadama zuwa rafi, ya dawo da su kafin jirgin la'asar. Kande kuma ta sayar musu da gasasshiyar masara. Shekara tara ana haka, sai gwiwar Jatau ta ce ta gaji. Hajiya Turai, mai shirya tafiyar, ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya samo wanda zai riƙe masa jagorancin, ko a mayar da zangon Mararrabar Gawo, tasha ta gaba. Jatau ya duba gidansa kaf, babu babban namiji sai Nomau. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to.

Wata rana, Asabar ɗin farko ke nan, Jatau yana zaune a kan benci a tasha ya miƙe ƙafa, sai ya ji kukan jirgi. Ya ce, "Nomau, maza je ka tari baƙi." Nomau dai abin da ya saba tarewa awaki ne. Ya ruga ya haye bakin ƙofar tarago, ya baje hannuwa ya cika ta fam. Wata mata ta nemi ta sulale ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ce mata, "Koma! Koma!" Tsayuwar jirgin minti biyar ce. Ya busa, ya ja, baƙi goma sha shida suka tafi suna kallon Gangaren Kuka ta taga. Nomau ya diro yana haki.

"Yaya, na tare su. Ko ɗaya bai fito ba."

Masarar da Kande ta gasa ita aka ci a gidan har kwana biyu.

Wata rana kuma, bayan Jatau ya sha zagi ya ba da haƙuri, ya zaunar da ƙanensa ya yi masa bayani. "Mutanen nan ba ɓarna ta kawo su ba. Shan iska suka zo yi, ka ƙyale su su sha iskarsu." Nomau ya gyaɗa kai. Da Asabar ta zagayo ya bar jarkar ruwan da aka saba ɗauka a bayan ƙofa, ya kwashe ƙoran Kande da ludayenta a buhu. Rana na tsaka ya isa da baƙi kan dutse, kowa maƙogwaro ya bushe. Ya jera su suna fuskantar gabas, ya miƙa wa kowa ƙwarya fanko da ludayi.

"Bismillah, ku sha. Ta nan ta fi sanyi."

Wani tsohon malamin makaranta ya ce, "Bawan Allah, ruwa fa?"

"Yaya bai ce ruwa ba."

Wasu suka yi dariya suka ɗauki hoto, amma tsohon goye a bayan Nomau ya sauko daga dutsen, idanunsa sun juye. Da yamma Hajiya Turai ta bugo waya, Jatau ya ajiye wayar a kan tabarma yana jin ta daga nesa.

Wata rana ya ce masa, cikin muryar wanda ya riga ya sare, "Nomau, 'yan birni ne, ba su saba da wahala ba. Don Allah ka bi su a hankali." Nomau ya bi su kuwa. Suna fita daga tasha ya koma can ƙarshen layi, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsoron taka ƙwai. Baƙi suka ga babu kowa a gaba, sai wani mai farin takalmi ya ce wayarsa ta san hanya. Wayar ta kai su tsakiyar gonar shinkafar mutane, suka nutse a taɓo har ƙwauri, mai gona ya taso da fartanya yana ashar. Aka juyo aka tambayi Nomau ko bai san hanya ba ne. Ya ce ya sani mana, a nan aka haife shi, amma cewa aka yi ya bi su. Ranar da takalma a hannu suka shiga jirgi, masu sauran takalman ke nan.

Kande ta ce wa mijinta, "Malam, ka riƙa tauna magana kafin ka miƙa masa." Jatau ya ce ya tauna har haƙoransa sun gaji. Gaskiya ya faɗa. Ya gaji da ban haƙuri, ya gaji da ƙarar wayarsa, ya gaji da 'yan tasha da ke tsuke baki idan ya wuce. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ya iya yin fushi da Nomau, don duk ɓarnar da ya yi, da fara'a yake dawowa, yana jiran a ce masa sannu da aiki.

Wata rana ya zaɓi kalmomi kaɗan, masu sauƙi, ya ce, "Idan jirgin la'asar ya tsaya, ka tabbata kowa ya shiga." Kowa ya shiga kuwa. Baƙi suka shiga, mai nono ta shiga, mai gadin tasha ya shiga yana wutsil-wutsil da ƙafa, Kande ma aka ɗaga ta da farantin masararta aka saka. Jatau ya tsira ne kawai don ya zaga bayan gida. Sai a Mararrabar Gawo aka sauke su, suka dawo a ƙafa.  Hajiya Turai kuwa ta ce Asabar mai zuwa za ta zo da kanta, tare da mijinta Alhaji Sidi, wanda shi ne mai kamfanin da ke kawo baƙin, kuma abin da ya gani da idonsa shi zai yanke.

Wata rana, wato Asabar ɗin nan, Jatau ya ari jaki ya biyo su a baya, ya ƙudura ba zai buɗe baki ba sam. Aka hau dutse lafiya, aka ratsa fadama lafiya. Alhaji Sidi gajere ne mai kuzari, irin mutanen da ba a gama musu magana. Shi ne a gaba, shi ne mai nuna wa jagora hanya. Da suka gangara wajen rafi, ruwan bai wuce idon sawu ba, rana kuma tar. Amma Jatau daga kan tudu ya hango baƙin hadari ya sauka a kan duwatsun arewa, inda rafin yake tasowa. Ya san abin da ke biyo bayan wannan. Jakin ya ƙi gangara, gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, ya manta da ƙudurinsa ya ƙwala kira.

"Nomau! Ja musu kunne, kada kowa ya tsallaka!"

Maganar na fita ya dafe kai. Nomau ya duba, ya ga mutum ɗaya ne ya naɗe wando ya kai tsakiyar yashi. Ya yi tsalle uku ya cafki kunnen Alhaji Sidi na dama, ya juyo da shi, ya jawo shi kamar ɗan akuya zuwa kasuwa.

"Kai! Sake ni! Ka san ko ni wane ne?"

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe, Yaya ne ya ce."

Hula ta faɗi, Alhaji yana tafe a karkace yana zage-zage, baƙi sun riƙe baki. Jatau ya rufe ido. A ransa ya riga ya ga jirgi yana wuce Gangaren Kuka ba tsayawa, ya fara tunanin abin da zai gaya wa Kande.

Sai aka ji wani gurnani daga sama da kwanar rafin. Kafin a ce mene ne, jan ruwa ya ɓullo ya fi tsayin mutum, ɗauke da itatuwa da karan dawa, ya shafe yashin da Alhaji yake tsaye a kai. Hular ta yi juyi biyu ta ɓace. 

Hajiya Turai ce ta fara magana. Ta dubi mijinta, ta dubi Nomau, ta ce, "Shekara talatin ina ja wa mutumin nan kunne da baki. Ashe da hannu ake yi." Sannan ta ɗaga murya wajen tudu ta ce, "Malam Jatau, zango na nan inda yake."

Jatau ya zame daga kan jaki ya zauna a ƙasa, hawaye na zubo masa, bai ko share ba. Daga ƙasan gangare Nomau ya ɗago kai, har yanzu kunnen na hannunsa.

"Yaya, in sake shi haka, ko in ja ɗayan ma?"