Kunnen Kaka da Injin Masaƙa

"…lafiya lau, amarya. Yau kuma me ya koro ki daga ofis har kika tuna kina da miji?"

"Allah ya raba ni da miji mai haƙori uku. Gwamnati ce ta aiko ni, Kaka. Tashi mu je."

Shekarar nan kowa ya ji a jikinsa. Kasuwa ta mutu murus, kamfanoni sai sallamar ma'aikata suke yi. Sai gwamnati ta ce za ta tayar da masaƙar da aka rufe shekara ashirin, ta ɗauki mutum ɗari huɗu, ni ma ina ciki. Amma da sharaɗi: in babban injin bai tashi ba zuwa Alhamis, a sayar wa 'yan gwangwan a rufe ƙofa. Injiniyar da aka danƙa wa aikin jikar tsohon makanikin masaƙar ce, ranar kuwa Laraba. Shi ya sa na biyo ta gidan kakan nata.

"Ashe gwamnati ta san da ni? Ranar da aka sallame mu ko sannu ba ta ce ba."

"Yanzu ma kunnenka take so. Sauran jikin kana iya barinsa gida."

"Ina kwamfutar da kike cika mana baki da ita?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce komai lafiya, injin kuma sai ya yi gurnani ya mutu."

"Irin mijin da za ki samu ke nan in kika rabu da ni."

Da muka shiga zauren masaƙar sai da na ja da baya. Injin ya fi tirela tsawo, baƙi ƙirin, injinan saƙa jere a bayansa har ido ya gaji. Tsohon ya cire hula, ya shafa ƙarfen a hankali. Sannan ya zaro wata sukuddireba mai ƙotar itace, ya dafa bakinta a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne.

"Kunna."

Ta kunna. Yana tafe yana saurare, taku ɗaya, taku biyu, sai ya tsaya cak.

"Wane mugu ya ɗaure notin nan?"

"Ni ce. Littafin injin ya ce a ɗaure tam."

"Littafin ya taɓa wuni da shi? Tun ranar da aka kawo shi sandarsa a ɗan karkace take. Sassauta masa rabin juyi. Tsoho ba ya son matsi."

"Shi ya sa kullum wandonka ke neman faɗuwa."

"Sassauta dai, mara kunya. Da tsohuwar zuma ake magani."

Ta sassauta, ta sake kunnawa. Injin ya yi gurnani. Muka jira ya mutu, bai mutu ba. Ƙasa ta fara girgiza a ƙarƙashin takalmana, injinan saƙa suka kama ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen zauren, ƙurar shekara ashirin na zubowa daga rufi. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Can bakin ƙofa masu jiran aiki suka ɗauki ihu.

"Kaka, kuka kake yi?"

"Ƙura ce. Ke da ba ki iya shara ba."

Ya kamo hannunta ya danƙa mata sukuddirebar.

"Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kaya. In gwamnati ta sake aikowa ba za ta same shi ba. Kara naki."

Ta kara, ta rufe ido. Ta daɗe a haka, bakinta a buɗe.

"Me kika ji?"

"Na ji na sallama, Kaka. Na dawo ɗakina. Haƙora ukun ma sun ishe ni."

Ya tuntsire da dariya har muka ga ukun duka.