Ranar da Na Goge Makka daga Kwamfutar Kawu

Kwana uku kacal na yi ina leƙen wani mai gyaran kwamfuta a Kankia, amma da na dawo Kusada har tafiyata ta canza. Da Kawu Sale ya ce kwamfutarsa ta tebur ta yi nauyi, na ce sabuwar manhaja take so, aikin minti biyar ne.

"Hotunan Hajjina na ciki fa, kuma ba ni da wasu," in ji shi.

"Haba Kawu, ni ne fa!"

Sau biyu kwamfutar ta yi mini tambaya da Turanci. Ban karanta ba, don a ganina karatu na 'yan koyo ne. Na danna kawai. Ta tashi fes, tana gudu kamar ɗan acaɓa. Kawu ya kira maƙwabta su gan shi a Arfa. Muka buɗe nan, muka buɗe can, wayam.

"Kai yaro, ina Makka?"

Na ce wataƙila tana lodi. Har la'asar dattawa shida na jiran lodi.

Shekara guda ke nan. Ko jiya da na shiga gida, Kaka ta rungume rediyonta. "Ku ɓoye butoci, Injiniya ya iso, kar ya goge mana su!"